Jar Alama a Kan Hoton Anti Georgina

SHAFI NA 14

Salama gare ku. Ku yi haƙuri da shiruna, an ɗauke mana sabis ne, sai yau ya dawo. Na ga saƙonninku duka, amsawa ce ba na iyawa. Ga waɗanda yau suka shigo: Yagana tana aiki a shagon hoto na kawunta a unguwar Hausari da ke Potiskum, ita ce mai ɗora hotuna a shafin shagon na intanet. Ɗan kawun nata, Zarami, shi ne mai kyamara. Ranar da bam ya tashi a tasha, ya ɗauki hoton Anti Georgina, malamar da ta koyar da Yagana a firamare, tana zaune a ƙasa cikin jini, rigarta ta yage, ƙirjinta a buɗe. Ya ɗora shi kowa yana gani. Yagana ta rufe hoton ba ta gaya wa kowa ba.

*

Aka fizge labulen shagon da ƙarfi, har ƙarfen da ke riƙe da shi ya faɗo.

"Ke! Wa ya taɓa mini hoto?"

Yagana ta ci gaba da gyara hoton wata amarya a kwamfuta.

"Da ke nake."

"Sannu da zuwa, Ya Zarami."

"Riƙe sannunki. Wa ya taɓa hoton tasha?"

"Ni ce."

Ya ɗan tsaya. Ya zo da shirin za ta yi musu, ko ta ce kuskure ne, ko ta fashe da kuka yadda ta saba.

"Ke ce."

"Ni ce."

Ya jefa wayarsa a kan tebur. Inda hoton yake a da, yanzu baƙin akwati ne, da jar alama a tsakiya, da lamba sha takwas.

A shafin da suke amfani da shi, ba a ɗora hoto sai an zaɓa masa alama. Kore, kowa ya gani. Rawaya, hoton ya dusashe sai an taɓa shi. Ja kuwa ba ya buɗuwa sai ga wanda ya yi rajista, ya ce shi babba ne, kuma ya yarda da kansa yana son gani.

"Kin san daga inda nake? Wajen mai shayin unguwar Yerimaram. Ko zama ban gama yi ba abokina Ɗantala ya miƙo mini wannan a gaban jama'a. Wai, 'Oga Zarami, ashe an canza sana'a? Mu ma fa manya ne, a buɗe mana mu sha kallo.' Har mai shayin sai da ya ajiye buta ya yi dariya!"

Ta ɗauke hannunta daga kan linzamin kwamfuta.

"Kin san abin da sha takwas ɗin nan take nufi a garin nan?"

"Na sani."

"Faɗa mana."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba za ki iya ba ko? Ni bari in faɗa miki. Batsa! Duk wanda ya ga alamar nan abin da zai ce ke nan. Shagon Alhaji Bubayaro, mutumin da ba ya rasa sahun gaba, yau an ce yana saka hotunan banza."

"Ba ta batsa ce kaɗai ba, Yaya."

"Iye?"

"Har jini. Har gawa. Har duk abin da bai kamata yaro ya gani ba. Kai ka karanta mini dokar ranar da ka koya mini aikin."

"Su suka rubuta abinsu, can ƙasarsu. Nan Potiskum ne."

"A Potiskum ma akwai yara."

Ya dube ta kamar an canza masa ita a hanya.

"Mayar da shi kore."

"A'a."

"Me kika ce?"

Ta sake faɗa.

"Na ce a'a."

"Tashi mini."

Ta tashi ta koma jikin bango. Ya zauna ya buga lambar sirri. Lambar ta ƙi shiga. Ya sake bugawa a hankali, yana kiran haruffan da baki. Ta sake ƙi.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Na canza."

"Kin yi me?"

"Na canza."

Ya miƙe har kujerar ta kife.

"Ke da ko sakandare ba ki leƙa ba! Ni na koya miki inda ake kunna kwamfutar nan!"

"Na gode, Allah ya saka."

"Au, baƙar magana ma kin iya? To tsaya."

Ya leƙa waje. An idar da la'asar, mutane suna fitowa daga masallacin layin.

"Baba! Baba, don Allah zo ka ga 'yarka!"

Alhaji Bubayaro ya shigo yana jan carbi. Ya dubi labulen da ke ƙasa, ya dubi kujerar.

"Dambe kuke yi mini a shago?"

Zarami ya kwashe komai ya faɗa, ya ƙara da na mai shayi, ya ƙara da abin da mai shayin bai ma faɗa ba. Alhaji bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a rayuwarsa. Ya saurara har ƙarshe.

"To ni ban ga abin faɗa ba. Hoto ɗaya ne? A goge shi, kowa ya huta."

"A'a, Baba!"

"A'a, Kawu."

Tare suka faɗa. Alhaji ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Ikon Allah. A nan kuma kun haɗa baki."

"Baba, ba za a goge ba," in ji Zarami. "Kana ji ana cewa abin bai yi muni ba, an shawo kan lamarin. Mu muka kwashe mutane da hannunmu. In ba a ga irin wannan ba, wa zai yarda? Har daga ƙasashen waje an rubuto mini a kan hoton nan. In an rufe shi, wa zai tsaya yin rajista don ya ga wahalar 'yan Potiskum?"

Alhaji ya gyaɗa kai.

"Wannan magana ce. Ke fa? Kin ce kada a goge, kuma kin hana a gani. Me kike so?"

Yagana ta murɗa bakin hijabinta. Ba ta taɓa yin doguwar magana a gaban kawunta ba.

"Kawu, ranar kana wajen."

"Ina wajen."

"Ka ga matan da ke sayar da abinci a tasha. Suna cire mayafansu suna rufa wa waɗanda suka faɗi."

"Na gani."

"Ba ɓoye su suka yi ba. Duk wanda ya zo neman nasa yana ɗaga mayafin, ya duba, ya mayar. Amma ba a bar su a buɗe kowa na wucewa yana kallo ba."

Ta nuna baƙin akwatin da ke kan wayar.

"Shi ne wannan. Babban da ke son gani, ya ɗaga ya gani."

"Ji wa'azi," in ji Zarami.

"Bar ta ta gama."

Ta ɗauki wayar ta matsa kusa da Alhaji, ta ja hotunan sama.

"Ka ga waɗannan, Kawu? Bikin ƙarshen shekara ne na makarantar Anti. 'Yan ajinta ne. Mu muka ɗauka, mu muka ce wa iyayen su shiga shafinmu su gani. Yaran suna karɓar wayar iyayensu kullum don su kalli kansu."

Ta ja ƙasa da yatsa sau ɗaya. Baƙin akwatin ya fito.

"Daga su sai ita."

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji.

"Fuskarta ai ba ta fito ba," Zarami ya yi sauri ya ce. "Ta juya kai. Wa zai gane ta?"

"Ni kallo ɗaya na yi na gane ta, kuma na daɗe da barin ajinta. Yaron da take tsaye a gabansa kullum ne ba zai gane ba?"

Janareta yana ta ƙara a bayan shagon.

Alhaji ya shafa gemu, ya daɗe yana shafawa.

"Na ji ki, Yagana. Amma sunan gida ma abu ne. Mutanenmu ba su san rawaya da ja ba, abin da suka sani shi suka sani. Gobe a masallaci ni za a kalla. Ba shi lambar, mu zauna mu ga yadda za a yi."

"In na ba shi, kafin mu zauna ya mayar kore."

"Na ce ki ba shi."

Ta durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu.

"Kawu, ka yafe mini."

"Ni kike ce wa a'a?"

"Kai ka riƙe ni tun rasuwar Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba. Ka kore ni daga shagon in ka so. Ka mayar da ni Gadaka wajen Inna, zan tafi. Amma ba zan buɗe Anti da hannuna ba."

"Ka gani ko, Baba? Ka ga abin da nake faɗa?"

Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, sai keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar shagon.

Mace ce ta sauko a hankali. Hannunta na hagu naɗe da bandeji, rataye a wuya. Gefen fuskarta duk ɗinki. Ta dafa ƙofa ta shigo tana jan ƙafa.

"Anti!"

Yagana ta miƙe da gudu ta tare ta, ta ɗaga kujerar da ta kife.

"Bari, 'yata, in na zauna tashi wahala." Ta juya. "Alhaji, ina wuni."

"Lafiya lau, Malama. Ya jiki? Ashe an sallame ki. Sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin. Jiya suka sake ni."

Ba ta dubi Zarami ba. Shi kuwa ya ja baya har ya taka labulen.

"A gadon asibiti na ga hoton," in ji ta. Hausarta irin ta wanda ya daɗe a gari ce, harshen ne kawai ke ɗan karkacewa. "Wata mai jinyar 'yarta a gadon kusa da ni ta nuna mini. Ba ta san ni ba ce. Ta ce, 'Madam, dubi wannan baiwar Allah, ko tana raye?' Na duba. Na ce mata, Allah sarki."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Malama, ki yi haƙuri. Laifinmu ne. Yanzu a gabanki za a goge shi."

"Ban zo a goge ba."

"Na'am?"

"A bar shi. Abin da aka yi mana ne, ba ni na yi wa kaina ba. Ranar da wani zai ce ƙarya muke yi, a buɗe masa ya gani." Ta ja numfashi. "Amma Alhaji, ni malama ce. In hannun nan ya warke aji zan koma. Zan tsaya gaban yara in ce su yi shiru, su buɗe littafi. In duk sun ga wannan, da wace fuska zan tsaya?"

Ta gyara ratayen hannunta.

"Yau da safe na ce a sake duba mini. Aka ce ya rufe, sai babba. Shi ne na ce sai na zo na ga wanda ya rufe ni."

Alhaji ya nuna Yagana da carbi.

Anti Georgina ta juyo ta daɗe tana kallonta.

"Ke? Ke da sai na yi ta roƙo kafin ki faɗi sunanki a aji?"

Yagana ta rufe fuska da hijabi.

"To," in ji Anti. "To."

Sai a lokacin ta juya ga Zarami.

"Kai kuma, mai hoto. Ka tuna abin da na ce maka?"

"Madam, ranar hayaniya ta yi yawa, ni ban..."

"Ka tuna. Kai ne mutum na farko da na gani da hayaƙi ya lafa. Na san ka, kai kake zuwa mana makaranta. Na ji daɗi da na gan ka. Na ce, ɗana, ba ni rigarka."

Zarami ya dubi ƙasa.

"Faɗa wa babanka abin da ka ce."

Ya sosa ƙeya.

"To ni bari in faɗa. Ya ce, 'Madam, ɗan tsaya haka.'"

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Alhaji.

"Na tsaya. Ina zan je? Wata mai kunu ce, ban ma san sunanta ba, ta zo ta rufa mini zanenta."

Alhaji ya juya gaba ɗaya.

"Zarami."

"Baba, aikina ne. In ban ɗauka a lokacin ba, shi ke nan ya wuce. Daga baya ai na taimaka, har a mota na sa mutane, a tambayi kowa!"

"Ta ce ka ba ta riga?"

"Baba..."

"Ta ce, ko ba ta ce ba?"

"Ta ce."

Alhaji ya zura carbin a aljihu. 

"Alamar nan ta zauna. Ja ce ko baƙa ce, ta zauna. Duk wanda ya ce batsa ce a turo mini shi, ni zan ba shi amsa a masallacin. Yagana, riƙe lambarki, ko ni kada ki ba."

Zarami ya yi wata dariya marar daɗi. Idonsa ya yi ja. An kunyata shi a gaban ƙanwarsa, kuma ya kasa haɗiyewa.

"Ta zauna mana. Ta riƙe. Ai wannan shafin shago ne."

Yagana ta sauke hijabin daga fuskarta.

"Me kake nufi, Yaya?"

"Kin ɗauka hoto ɗaya na ɗauka? Kin ɗauka ni ba ni da nawa shafin? Sauran suna can da sunana, tun ranar. Kore. Nan masu jarida ke shiga."

"Sauran?" in ji Anti Georgina.

Ta matso kusa da shi.

"Har fuska?"

Ya kau da kai.

Anti ta lalubi kujerar da ta ƙi ɗazu, ta zauna a kai.

"Terkula bai sani ba," ta ce a hankali. "Mijina. Ce masa na yi a sume aka ɗauke ni, a rufe. Bai san an gan ni haka ba."

Yagana ta dube ta. Matar da ke shiga aji da takalmi mai ƙwas-ƙwas, ko shugaban makaranta sai ya gyara tsayuwa, ga ta nan ta dunƙule a kujera tana jan zane tana rufe ƙirjin da yake a rufe.

 Yagana ta wuce ta gaban Zarami, ta kama ƙofar ƙarfen shagon da hannu biyu ta jawo. Ta zura sakata, ta ɗaura kwaɗo ta ciki, ta zare makullin ta damƙe.

"Ke, haukacewa kika yi? Buɗe ƙofar nan!"

"Ba mai fita."

"An kusa dokar hana fita! So kike sojoji su same mu a nan da janareta a kunne?"

"To ka yi sauri."

Ta ɗauko wayarsa daga tebur ta miƙa masa.

"Shiga shafin naka. Duk wanda take ciki, ja. Duk mai jini, ja. Ban ce ka goge ba."

"In na sa musu ja, ba mai sake kallon aikina!"

"Babba zai kalla."

"Baba, kana ganin abin da take yi?"

Alhaji ya tattara babbar rigarsa, ya zauna a bencin da amare ke zama a ɗauke su hoto.

"Ina gani."

"Ba za ka ce komai ba?"

"Ɗazu na ce ta ba ka lamba ta ƙi. Makulli ne za ta ba ni?"

Zarami ya matso har tana jin hucinsa.

"Wallahi Yagana, in na murɗe hannun nan sai ya karye."

"Ka karya. Ga Anti nan da ɗaya, mu zama biyu."

Ya ɗaga hannu.

Aka daki ƙofar daga waje.

Dukan ya yi ƙarfi har hotunan da ke rataye a bango suka girgiza. Aka sake duka. Aka sake.

"Ina mai hoton? Ina yake?"

Anti Georgina ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"Terkula ne."

"Na san yana ciki, na ji janareta! A wajen aiki aka turo mini! A gaban mutane na buɗe! Matata! Ka fito ka ɗauke ni hoton ni ma!"

Ana jin muryoyin 'yan layi suna taruwa, wani yana cewa a yi haƙuri, wani yana cewa a bar shi. Sakatar ta fara lanƙwasa.

Hannun Zarami ya sauko. Ya dubi bayan shagon, inda babu ƙofa, babu taga. Ya dubi ubansa. Alhaji ya kau da kai.

Yagana ta zura makullin a cikin kwaɗon, ba ta murɗa ba. Da ɗaya hannun ta sake miƙa masa wayar.

"Ya Zarami, ka sa ja, ko in buɗe?"